Igiya, Anini da Hula: Nazari kan Alamomin Kakin Soja da Karsashin Kurata

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar da ke tsakanin alamomin da soja yake ɗauke da su a jikin kakinsa da karsashin ƙungiyar da yake ciki, musamman a watanninsa na farko a bariki. An bi hanyar kwatanta misalai daga tarihi: takaddamar baƙar hula a rundunar sojan ƙasa ta Amurka daga 2000 zuwa 2011, da al'adun yaye kurata a Amurka da Birtaniya da Faransa, da kuma tambarin rundunonin Afirka ta Yamma a yaƙin Bama. An auna waɗannan misalai da binciken masana halayyar ɗan Adam da na zamantakewar soja. Maƙalar ta gano cewa alamomin kaki iri biyu ne, akwai ta zama ɗan gida, akwai ta cancanta, kuma kowace da aikinta. Karsashi yana raunana idan aka cakuɗa su, ko ta hanyar raba alamar cancanta ga kowa, ko ta hanyar tsawwala wa kurtu kafin a karɓe shi.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da iya karanta hannun rigar soja da kafaɗarsa. Wanda ya tashi kusa da bariki a Zariya ko Kaduna ko Kano ya san igiya ɗaya ta las kofur ce, biyu ta kofur, uku ta saje. Ya san anini na hafsoshi ne, ya kuma san in aka ga mikiya a kafaɗa an kai manjo. Kalmomin ma sun bar bariki sun shigo gari, shi ya sa za ka ji an ce an ƙara wa wane igiya, ko an tuɓe masa ita, kowa kuma ya fahimci daraja ake nufi.

A kasuwa, ƙyallen da ake ɗinka igiya da shi bai kai kuɗin faranti ɗaya na abinci ba. Duk da haka an ga manyan mazaje suna hawaye ranar da aka liƙa musu shi, an kuma ga tsofaffin sojoji sun yi tattakin ɗaruruwan kilomitoci saboda launin hula. Tambayar wannan maƙala ke nan: daga ina alama take samo nauyinta, kuma yaushe ya kamata a danƙa ta ga kurtu don ta ƙarfafa shi ba tare da ta rage darajar na gaba da shi ba?

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Alama a nan tana nufin duk abin da ake sanyawa ko liƙawa a kaki don ya bayyana wani abu game da mai shi: igiya, anini, tambarin runduna, lambar yabo, har da launin hula. Alamar zama ɗan gida ita ce wadda kowane ɗan runduna yake da ita don kawai yana cikinta, kamar tambarin da ake ɗinkawa a dantse. Alamar cancanta kuwa sai an ci wata jarrabawa ko an yi wani aiki ake samunta, kamar fikafikan masu dirowa da lema. Karsashi shi ne yardar soja da abokan aikinsa da shugabanninsa, da shirinsa na jure wahala tare da su. Kurtu kuwa shi ne sabon shiga da bai kammala horon farko ba.

3.0 Ra'in da Aka Ɗora Nazarin a Kai

Bincike huɗu na masana ne ginshiƙin wannan aiki. Na farko shi ne na Arnold van Gennep (1909), wanda ya nuna cewa bukukuwan sauya matsayi a al'ummu daban-daban suna bin matakai uku: a raba mutum da matsayinsa na da, a ajiye shi a tsaka-tsaki, sannan a shigar da shi sabon matsayi. Horon kurtu ya hau wannan tsari daram. Ana aske masa kai, a karɓe kayan gida, a bar shi watanni ba shi ga farar hula ba shi ga soja, sai ranar yaye a kira shi da sabon suna.

Na biyu shi ne na Edward Shils da Morris Janowitz (1948). Sun yi nazarin dalilin da ya sa sojojin Jamus suka ci gaba da faɗa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu bayan alamun shan kaye sun bayyana, suka kammala da cewa abin da ya fi riƙe soja shi ne ƙaramar ƙungiyar da yake ci da kwana da ita, fiye da aƙidar siyasa.

Na uku shi ne gwajin Elliot Aronson da Judson Mills (1959). Sun sa ɗalibai mata 63 neman shiga wata ƙungiyar tattaunawa. Wasu an sa su cikin gwaji mai kunyatarwa kafin a karɓe su, wasu mai sauƙi, wasu ba gwaji sam. Daga nan duka suka saurari tattaunawa guda mai gundura. Waɗanda suka fi shan wuyar shiga su ne suka fi yaba ta. Wato mutum yakan ɗaukaka abin da ya wahala a kansa.

Na huɗu shi ne na Samuel Stouffer da abokan aikinsa (1949). Sun tarar da cewa 'yan sandan soja na Amurka, waɗanda ƙarin girma yake yi musu wuyar samu, sun fi gamsuwa da tsarin ƙarin girma a kan sojojin sashen jiragen sama, inda ake samunsa da sauri. Dalili shi ne soja da na kusa da shi yake auna kansa. Inda kowa ya samu, wanda ya samu ba ya jin ya yi wani abin a zo a gani, wanda ya rasa kuma yana jin an zalunce shi.

4.0 Asalin Tambarin Runduna

Tambarin runduna a sojan Amurka buƙatar aiki ce ta haifar da shi. A 1862, lokacin yaƙin basasa, Janar Philip Kearny ya umarci mutanensa su liƙa jan ƙyalle a hulunansu don ya riƙa bambanta su da na wasu. A 1863 aka faɗaɗa tsarin zuwa dukkan manyan sassan rundunar Potomac, kowane da siffarsa. A 1918, runduna ta 81 ta isa Faransa da hoton kyanwar daji a dantse, wasu hafsoshi suka yi ƙorafi, amma Janar John Pershing ya amince, har ya buƙaci sauran rundunoni su ƙirƙiri nasu.

Abin lura shi ne babu wanda ya ci jarrabawa kafin a ba shi jan ƙyallen Kearny. Alamar tantancewa ce kawai. Sojojin ne da kansu suka cika ta da ma'ana ta hanyar abin da suka yi a fagen daga suna sanye da ita, har ta zama abin taƙama.

5.0 Takaddamar Baƙar Hula

A watan Oktoba na 2000, babban hafsan sojan ƙasa na Amurka, Janar Eric Shinseki, ya sanar da cewa daga 14 ga Yuni 2001 baƙar hular baret za ta zama hular kowane soja. Baret ita ce hular ulun nan mai laushi, marar baki, da ake karkatawa gefe guda. Manufarsa ita ce ta zama alamar sauye-sauyen da yake son kawowa, ta kuma sa kowane soja, daga mai tuƙa tanka har mai dafa abinci, ya ji shi ma gwani ne.

Matsalar ita ce hular tana da masu ita. Tun 1975 aka keɓe baƙar baret ga dakarun Renja, kamar yadda aka keɓe koriya ga dakaru na musamman tun 1961, zamanin Shugaba John Kennedy. Ɗan Renja ba ya samun hularsa sai ya tsallake tantancewar da ke zubar da mutane da yawa. A wurinsu, sanarwar tamkar an ɗauki abin da suka saya da gumi ne aka raba sadaka. Wasu tsofaffin 'yan Renja sun taka da ƙafa daga Fort Benning a jihar Jojiya har birnin Washinton, tafiyar sama da kilomita 1,000, don nuna rashin amincewa. A watan Maris na 2001 aka sasanta, aka ba 'yan Renja hula mai ruwan ƙasa. Ana cikin haka sai wani abin kunya ya ɓullo: saboda gaggawar cika wa'adi an ba da kwangilar wasu hulunan a ƙasashen waje, har aka hana raba sama da guda 600,000 da aka ɗinka a Sin.

Yana da kyau a dubi hular a hannun ƙaramin soja, domin a nan ne manufar ta gamu da gaskiya. Sabuwar baret ba ta sanyuwa yadda ta fito daga leda. Sai ya yanke shafin cikinta, ya bi ulun da reza yana kankare gashin, ya jiƙa ta da ruwa, ya kifa a kai, ya ja gefen dama ya kwantar da shi har saitin kunne, sannan ya zauna da ita a jiƙe har ta bushe ta ɗauki siffar kansa. Ɗan Renja yana yin wannan hidima da daɗin rai, domin kowane jan reza yana tuna masa abin da ya sha. Makanikin da ke ƙarƙashin mota a tsakar rana kuwa, abin da ya sani shi ne hular tana da zafi, ba ta kare ido daga rana, kuma sai da hannu biyu ake daidaita ta. Irin waɗannan koke-koke ne babban samanjan rundunar, Raymond Chandler, ya tattaro daga ƙananan sojoji. A ranar 14 ga Yuni 2011, shekara goma cif, aka mayar da hula mai baki a matsayin ta aikin yau da kullum, aka bar baret ga kakin biki.

An yi asara ta fuska biyu. Waɗanda aka karɓe wa hula sun ji an rage musu daraja, waɗanda aka bai wa kuma ba su ji an ƙara musu ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Wannan shi ne abin da binciken Stouffer ya hango tun 1949: abin da ke kan kowa ba ya bambanta kowa.

6.0 Inda Alama Take Biyo Bayan Gumi

Akwai rundunonin da suka bi wata hanyar. A rundunar Marin ta Amurka, kurtu yana shafe mafi yawan makonni 13 na horonsa a Parris Island ko San Diego ba a kira shi Marin ba. Ba a ma yarda ya ce "ni" ba, sai dai ya ambaci kansa da "wannan kurtun". A 1996, ƙarƙashin Janar Charles Krulak, aka ƙara jarrabawar ƙarshe da suke kira Crucible, wato tukunyar narka ƙarfe: sa'o'i 54 na tattakin kimanin kilomita 70, da ƙarancin abinci, da barcin da bai wuce sa'o'i huɗu a dare ba. Yawancin ayyukan da ke cikinta mutum ɗaya ba ya iya yinsu, kamar ɗaukar wanda ya ji rauni ko tsallake shinge da akwatunan harsashi. Da safiyar ƙarshe, kurata suna tsaye a sahu, ƙafafu duk bororo, fuska duk ƙura, sai malamin horon da ya shafe wata uku yana yi musu tsawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Zai ɗora ɗan ƙaramin baƙin tambari mai mikiya da ƙwallon duniya da ƙugiyar jirgi a tafin hannun kowa, ya yi musafaha da shi, ya kira shi Marin a karon farko.

Kwamandojin ruwa na Birtaniya suna da kwatankwacin haka a Lympstone. Kurtu yana sanya shuɗiyar hula mai duhu da jan ƙyalle a bayan tambari. Koriyar hula sai ya ci jarrabawa huɗu, ta ƙarshensu tattakin mil 30 a tsaunukan Dartmoor cikin sa'o'i takwas da kaya a baya, kuma a wurin da tattakin ya ƙare ake miƙa masa ita. A rundunar baƙi ta Faransa, wadda aka kafa a 1831, sabon shiga yana samun farar hularsa bayan watan farko na horo a yankin Castelnaudary, idan ya kammala tattakin kimanin kilomita 50. Mutanen da suka fito daga ƙasashe sama da 100, da yawansu ba sa jin Faransanci, hular ce yarensu na farko.

Abubuwa uku ne suka haɗa waɗannan misalai. Sharaɗin a bayyane yake, kowa ya san shi tun ranar farko. Wahalar tare ake shanta. Kuma wanda yake miƙa alamar shi ne wanda ya ga wahalar da idonsa. Abin da waɗannan rundunoni suka yi shi ne sun ɗauki alamar zama ɗan gida, wadda kowa zai samu a ƙarshe, suka sa mata ƙofa. Ba su taɓa alamar wani ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma zomon nasa ne.

7.0 Gizo da Gammo a Yaƙin Bama

Tarihin sojan Afirka ta Yamma yana da darasi a kan ɗaya ɓangaren. Rundunar da Turawan Ingila suka kafa a yankin, wadda Hausa ta kasance harshen sadarwa a bataliyoyinta na Najeriya, an san ta da jar dara da tambarin bishiyar kwakwa. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 don yaƙar Japan a Bama. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, wanda aka ɗauko daga Ananse na tatsuniyoyin Akan, takwaran Gizo na tatsuniyoyin Hausa, mai cin galaba a kan manya da dabara. Tambarin ta 82 kuwa mashi biyu ne gicciye a kan gammo.

Gammon nan ba ado ba ne. A dazuzzukan Kaladan da Arakan, inda babu hanyar mota, dubban sojoji 'yan dako ne suke ɗaukar harsasai da abinci da sassan manyan bindigogi a ka, yawancinsu ba su riƙe da makami. Su ne suka ba rundunonin damar ratsa inda abokan gaba ba su zata ba. Tambarin ya haɗa mai mashi da mai gammo a ƙyalle ɗaya, kowa kuma ya sanya shi ba tare da jarrabawa ba. Darajarsa daga baya ta zo, daga abin da aka yi a Kaladan a 1944 da Myohaung a Janairun 1945. Alamar shaidar zuwa fagen ita ce lambar Tauraron Bama, wadda aka ba wanda ya yi aiki a can. Ba a haɗa su ba, kowace ta tsaya a gurbinta. Har yau sojan Najeriya yana da runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu. Makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda aka kafa a 1924, tana cikin barikin Chindit, sunan dakarun da bataliyoyin Najeriya uku suka yi yaƙi a cikinsu a 1944. Kurtun da aka yaye a can magajin wannan tarihi ne, in an sanar da shi.

8.0 Haɗarin Wuce Gona da Iri

Sakamakon Aronson da Mills yana da kaifi biyu. Idan wahala tana ƙara ƙaunar ƙungiya, to wasu za su ƙirƙiri wahalar da ba ta da alaƙa da aiki. A 1997 gidajen talabijin na Amurka suka nuna hotunan wasu dakarun Marin ana buga musu allurar tambarin fikafikai a ƙirji har jini ya fito, da sunan al'ada. A Kanada, an rusa rundunar masu dirowa da lema baki ɗaya a 1995, bayan kisan wani matashi ɗan Somaliya a hannun sojojinta a 1993 da kuma bayyanar hotunan cin zarafin sababbin shiga. Ƙungiyar da ta ɗauki alamarta a matsayin lasisin fin ƙarfin doka ta daina zama abin dogaro.

Haka kuma jeranta lambobi yana buƙatar hattara. A Fabrairun 2013 sakataren tsaron Amurka Leon Panetta ya sanar da sabuwar lambar yabo ga masu sarrafa jirage marasa matuƙa da mayaƙan intanet, aka ɗora ta sama da lambar waɗanda aka raunata a fagen daga. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suka yi ca, magajinsa Chuck Hagel ya soke ta a Afrilun 2013. Ba aikin masu jiragen aka raina ba, matsayin da aka ba lambar ne ya saɓa wa ma'aunin da sojoji suke auna sadaukarwa da shi.

9.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na ɗaya, hukuma tana iya ba da umarnin sanya alama, amma darajarta sai sojoji sun yarda da ita a tsakaninsu. Na biyu, kurtu yana buƙatar alamar zama ɗan gida, kuma ta fi tasiri idan aka ɗaura ta da wani aiki na gaske da ya yi tare da 'yan sahunsa. Na uku, alamar cancanta tana rayuwa ne da ƙarancinta, saboda haka kada a ɗauko ta wani rukuni don a faranta wa wani. Na huɗu, jarrabawar da ke gaban alama dole ta kasance rubutacciya, mai alaƙa da aikin soja, ƙarƙashin idon hafsoshi.

Bisa haka, maƙalar tana ba da shawarar cewa duk rundunar da za ta sauya kaki ko hula ta fara jin ta bakin saje-saje da samanjoji, domin su ne suke kwana da ƙananan sojoji. A kuma riƙa koya wa kurata tarihin tambarin da za su sanya kafin ranar yaye, a bar malamin da ya horar da su ya liƙa musu shi da hannunsa.

10.0 Kammalawa

Janar Shinseki ya nemi abu mai kyau, wato kowane soja ya ji yana da daraja, amma ya nema ta hanyar hular da wasu suka riga suka biya kuɗinta. Waɗanda suka tsara tambarin runduna ta 82 sun nemi abu iri ɗaya, sai suka zana kayan aikin mutanensu, mashi da gammo, suka bar yaƙi ya yi sauran. Alama shaida ce a kan abin da aka yi, ko alkawari a kan abin da za a yi tare. Idan kurtu ya taɓa tambarin da ke dantsensa ya tuna daren da ya ɗauki bindigar abokinsa da ya gaza a tattaki, tambarin ya yi aikinsa. Idan abin da ya tuna shi ne layin sito da sa hannu a takarda, to ƙyalle aka ba shi.